Usto Kambar Ba Ya Komawa Ta Inda Ya Bi

Ranar da Sharofat ta fita takaba, sau uku tana kaiwa bakin ƙofa tana komawa ciki. So take ta je kusa da kabarin mijinta ta yi masa addu'a, amma hanyar maƙabarta ta tsakiyar kasuwa ta ratsa, kuma ta san duk wata mai sayar da gurasa sai ta tare ta da kuka, a tafiya da dawowa. A fitowa ta huɗu ta tarar da maƙwabcinsu Usto Kambar a lungu, riƙe da keji rufe da ƙyalle. Bai sake mata ta'aziyya ba, ya riga ya yi tasa a kan kari. Cewa kawai ya yi shi Kango zai hau, tsohuwar fadar nan ta bisa dutse, kuma hanyar saukowa ta bayan katangar maƙabarta take bi, ba a gamuwa da kowa sai awaki.

Ta bi shi, taku talatin a baya. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Da suka iso katangar sai ya tsaya can gaba yana gyaran takalmin da babu abin da ya same shi, har ta shafa fatiha.

Usto Kambar shekara talatin da ɗaya ya yi yana fito a kogin garin. Jirgin katako ne maƙale a igiyar ƙarfe, ya ja shi zuwa waccan gaɓa, ya ja shi ya dawo, yau da gobe da jibi. Da aka gina gada, mutane suka taru yi masa jaje, sai suka iske ya dafa tukunyar shinkafa da karas da naman rago yana rabo. Ya ce zuwa da dawowa a kan layi ɗaya ya ishe shi har kabari, daga yau ba zai ƙara komawa ta inda ya bi ba.

Ya kuwa riƙe maganarsa. Masallaci ma ta ƙofa ɗaya yake shiga, ta wata daban yake fita. Da liman ya ce masa ai sauya hanya sunna ce ta ranar Idi, sai ya ce to shi kullum Idi yake. Kowace safiya yakan tashi daga tsohon mashigin jirgi, ya bi gefen ruwa har injin niƙa, ya ratsa gonakin inabi, ya kama hawan da akuya ma sai ta yi shawara, har kangon fadar mutanen dā a bisa dutse. Daga nan ya gangara ta bayan maƙabarta, cikin itatuwan rumman, ya ɓullo a shagon shayi. Wata rana ya manta hularsa a sama, ya tuna bai yi taku ashirin ba. Haka ya sauko da sanƙo a rana, ya sake zagayowa.

A cikin kejin zakaran makwarwa ne mai jan baki, sunansa Ciyaman, don in ya fara magana ba ya sauraron kowa. Dominsa ake hawan. Usto ya ce makwarwar keji in ta daina jin kukan 'yan'uwanta na daji, nata ma sai ya ɓace mata. Yakan ɗora kejin a kan rusasshiyar katanga ya yaye ƙyallen, na daji su kira daga duwatsu, Ciyaman ya kumbura wuya ya mayar musu har sai sun gaji.

Mazan shagon shayi kuwa ba muryar ce ta dame su ba, ƙirjin tsuntsun suke kallo. Can ake haɗa zakarun makwarwa faɗa ran Juma'a da yamma, kuma Hikmat mahauci ya daɗe yana lasar leɓe.

"Usto, wannan ƙaton ka mayar mawaƙin biki? Ba ni shi Juma'a ɗaya ka ga aiki."

"Kai da kake kallon kowace dabba kana auna cinyarta? Sha shayinka, ɗan'uwa."

Sharofat ba ta shiga wannan zance. Ita dai tun daga ranar nan ta riƙe hanyar, duk Alhamis, carbi a hannu, taku talatin a baya. Ta san dutsen da Usto yake zama a kai, ta kuma lura bana zaman ya fi na bara tsawo. Gwiwa ce. Kafin a tsinke inabi hawan ya gagare shi ɗungum, ɗansa ya aiko daga birnin Dushanbe cewa zai zo ya tafi da shi asibiti a yi masa aiki, kwana arba'in a ƙalla.

Kwana tara Ciyaman bai ga Kango ba, a na goma ya yi tsit. Aka ba shi tsaba, aka ba shi ɗanyen ganye, ya ci ya ƙoshi bai ce uffan ba. Ta kan katanga Sharofat ta ji Usto da kansa yana kwaikwayon kukan makwarwa, dattijo mai furfura, sai da ta toshe baki da gyale. Hikmat ya zo har gida da tsokar cinya a takarda, wai ya zo dubiya, ya ce shi zai riƙe tsuntsun amana. Usto ya karɓi naman ya yi godiya, ya raka shi da ido har ƙofa.

Safiyar tafiya, mota na jira a bakin lungu, Usto ya ɗingiso da sanda ya yi sallama a ƙofar Sharofat. Ya ajiye kejin a dakali. Apa yake ce mata, wato yaya.

"Apa Sharofat, duk garin nan mutum biyu ne suka san hanyar nan da ƙafa, ɗayan kuma gwiwarsa ta yi murabus."

Ta ce me mutane za su ce, tsohuwa da kejin makwarwa kamar 'yar caca? Ya ce ta rufe shi da ƙyalle, za su ɗauka gurasar sadaka ce. Ta ce ita ba ta san yaren tsuntsu ba. Ya ce ba a bukata, Ciyaman bai taɓa tambayar ra'ayin kowa ba.

Ta sa hannu ta ɗaga kejin don ta ji nauyinsa. Bai kai tulun ruwa ba.

"Ba kullum ba, Apa, Alhamis ɗinki ta isa. Ki ɗora shi a katangar gabas, ki jira har ya amsa musu, ko da kalma ɗaya ce. In Hikmat ya tare ki, ki ce kina azumin magana." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Abu ɗaya na roƙe ki don Allah. Ko ruwan sama ya kama ki a tsakiyar hawa, kada ki dawo min da shi ta inda kuka bi."