Ranar da Bangon Ɗakin Inna Ya Zube

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata na manta da su, amma ranar da bangon ɗakin surukata ya zube a tsakiyar rani, ba ko ɗigon ruwan sama, wannan kam tana nan a raina har in koma ga Allah.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a unguwa, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ruwan kanal da ake ba gonaki yana wucewa ta bayanmu, kuma ya ɗan fi ƙasan gidan tudu. Ɗakin surukata, wadda duk muke kira Inna, tsohon ginin ƙasa ne, bayansa na kallon wajen. Ba mai zagayawa can sai awaki.

A lokacin ɗana na uku bai wuce shekara goma ba. Yaro ne mai tambayar tsiya. Me ya sa ruwa ba ya gajiya? Ina yake kwana? Ubansa yakan ce, "Kai, kanka ba komai sai tatsuniya, tashi ka ba ni wuri." Shi ne mai kai wa uban koko gona da safe kafin ya wuce makaranta, don haka kullum yana ganin yadda ake fara ban ruwa: a cika tiyo da ruwa, a toshe bakinsa da tafin hannu, a ɗora shi kan gaɓar kanal, a saki, sai ruwa ya yi ta zuba cikin gona da kansa.

Ranar, wajen la'asar, ina tsakar gida ina turara shinkafa, sai na ji wata ƙara kamar an juye tifar yashi. Na waiga, na ga rufin ɗakin Inna ya karkace, ƙura na fitowa ta ƙofa. Ban san lokacin da na yar da matankaɗin hannuna ba. "Inna! Inna!" Shiru. Ni da ba a jin muryata ko a maƙwabta, ranar ihuna har bakin titi.

Da maza suka shigo suka ɗaga kwanon rufin, sai ga bangon baya gaba ɗaya ya kwanta a kan gadonta. Gadon ƙarfe ne, amma ya lanƙwashe kamar kara. Can sai muka ji tari daga bayan ƙofa. Ashe ta sauko ta shimfiɗa tabarma za ta yi salla, Allah ya sa da sauran kwana. Azara ɗaya ce ta danne mata ƙafa. Aka janyo ta, fuska duk ƙasa, abin da ta fara cewa shi ne, "Ku rufa min kaina, kun tsaya kuna kallona."

Wani maƙwabcinmu ya damƙi ƙasar bangon, ya ce, "Kai, wannan ai laka ce. Ina aka samu ruwa a nan?" Muka zagaya baya. Abin da na gani har yau yana min gizo. Tsohon tiyon maigidana ne a kan gaɓar kanal, yana ta zuba. An haƙa masa 'yar hanya har gindin bangon. A ƙarƙashin tagar Inna kuma ga ƙananan kunyoyi an jera su tsaf, da dashen tumatir da rama, duk ruwa ya shanye su, kawunansu kawai ake gani.

Ana cikin haka yaron ya dawo daga Islamiyya. Yana ganin taro da bango a ƙasa, sai jakarsa ta faɗi. Ba wanda ya tambaye shi. Fuskarsa ta gama faɗa.

Maigidan ya iso daga gona, ya ga mahaifiyarsa a kwance ana ɗaure mata ƙafa, ya ga tiyonsa. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. Ya fizgo igiyar guga ya ninka biyu. Na sha gabansa, na ce, "Malam, don Allah ka fara jin ta bakinsa." Ya ce, "Matsa. Uwata ya so ya kashe."

Inna ce ta ɗaga hannu daga tabarma. "Ajiye igiyar nan. Zo nan, angona. Auren ne ya ishe ka, za ka rushe min ɗaki a ka?"

Yaron ya durƙusa yana shessheƙa. "Inna, ke kika ce tun da gwiwarki ta hana ki zuwa gona kin daina ganin ɗanyen ganye. Na ce in yi miki lambu, ki riƙa gani ta taga."

Uban ya ce, "To don me ka tafi ka bar ruwa yana zuba tun safe?"

Yaron ya ɗago kai, ya dube shi da gaskiyarsa, ya ce, "Baba, ai in ƙasa ta ƙoshi yana tsayawa da kansa. Naka ma haka yake yi."

Wallahi wannan maganar ta fi faɗuwar bangon girgiza ni. Ashe tsawon lokacin nan yaron farkon aiki kawai yake gani. Bai taɓa kaiwa sa'ar da ubansa ke zare tiyon ba, yana makaranta. Kullum washegari yakan zo ya tarar da gona ta sha, ruwa ya tsaya, sai kansa ya ƙirƙiro masa dalili, ya riƙe shi kamar karatun da aka biya masa.

Maigidan ya saki igiyar, ya zauna kan turmi ya dafe kai. A hankali ya ce, "Ka taɓa tambayata?" Yaron ya ce, "Na tambaya, ka ce in ba ka wuri."

Inna ta yi jinya ta warke, ko da yake da sanda ta ƙarasa rayuwarta. Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan faɗuwar bangon, uban ya tafi da yaron gona, ya tsayar da shi har ruwa ya kai ƙarshen kunya, ya ce, "Zare da hannunka."

Ni da na koyi karatu da girmana a ajin yaƙi da jahilci, na san wannan halin a kaina: inda sanin mutum ya tsaya, kansa ba ya tsayawa, sai ya ƙarasa da zato, kuma ba ya gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Lambun nan tunani ne mai kyau, ba wanda ya yi wa tsohuwar irinsa a cikinmu manya. Rabin da muka hana yaron sani ne ya kusa yin kisa. Tun daga ranar, in yaro ya tambaye ni abu, ko tukunya ce a wuta, sai na sauke na kai shi har ƙarshen maganar.