Fatata Nake Yi Wa Magani, Ashe Jinina Nake Cika Wa Kitse

A lokacin ni malama ce a wata Islamiyya ta matan aure a Tambuwal, siririya, ga bakin gardama. Ajina saura izu tara su sauke Alƙur'ani, kuma ba ni da burin da ya wuce in kai su ƙarshe da kaina. Sai fatata ta fara bushewa a gwiwar hannu da ƙeya, tana ɓamɓarowa fari-fari, ga ƙaiƙayi. Daga baya yatsuna suka kumbura, da safe ko buta ba na iya ɗauka.

Da na je gida Kebbe, Innata ta duba ta ce ai jikina ne ya rasa maiƙo. Maganar ta zauna mini daram. Duk mako sai ta aiko da ƙwaryar man shanu, ni kuwa na shafa, na kwarara a tuwo, har cokali nake sawa ina sha. Kitsen nama da na tsana tun ina yarinya na koma nemansa. Fata ba ta warke ba, sai ma na fara haki da nauyin ƙirji a hanyar makaranta. Wata rana na zauna a bakin hanya na kasa ƙarasawa, aka ba wata malama ajina. Na yi kuka sosai.

Maigidana ya kai ni asibiti a Sakkwato. Likita ta ce cutar sunanta soriyasis, ba ta yaɗuwa, kuma ita ce ta taɓa gaɓoɓina. Da ta ce a auna kitsen jinina, dariya na yi, na tambaye ta ina kitse a jikin nan. Sakamako ya fito, ya haura sosai. Ta ce masu wannan cuta sukan samu haka ko ba ƙiba, ni kuma na ƙara da nawa, kuma zuciya abin yake ci a ɓoye. Ta rubuta mini magani.

Gaya wa Inna ya fi shan maganin wuya, don da ƙauna take aikowa. Da na gaya mata, sai ta ce daga yau zogale za ta riƙa aiko mini. Na riƙe magani, na rage mai, ina tattaki kullum bayan Asuba. Da aka sake awo, kitsen ya sauka, yatsuna ma suka saki. Na koma na karɓi ajina, ni na biya musu izun ƙarshe, ranar walima kuma da ƙafata na je ba tare da na tsaya hutawa ba. Ban taɓa jin farin ciki irin na ranar ba.

Fatar har yau takan tashi, na yarda da ƙaddara. Amma na koyi cewa bushewar fata ba rashin maiƙo ba ne, kuma ramewa ba shaidar lafiya ba ce. 'Yan'uwa masu irin wannan lalura, ku je a auna jininku tun kuna tafiya da ƙafarku, kada ku jira ranar da za ku zauna a bakin hanya.