Ɗan'uwan Kawu Sale da Ke Cikin Giyar Mota

Kakata ta wajen uba, Iya Babba, harshenta zai iya feɗe sa ba wuƙa. A gidanmu na Unguwar Shanu, da an idar da magariba muke kewaye murhunta, tana gasa mana gyaɗa, tana gasa mutane.

A shekarar ne Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya zo daga ƙauye. Baba yana koya masa tuƙi da tsohuwar motarsa, don ma'aikatarsu na neman direba. Amma duk sanda Kawu ya taka kuloci ya sa giya ɗaya, sai ka ji ƙarrr, gwaf! Wallahi har kajin Unguwar Sarki sai sun watse.

Saura kwana uku a yi masa gwajin tuƙi, Kawu na gefe yana cin tuwo, Iya ta ce, "Ga ta nan, ku buɗe kunnuwan nan naku masu kama da faifai."

Wai wani baƙo ne ya sauka gidan maƙeri da niyyar kwana uku, ya shekara uku. Ya cinye rumbu, ya cinye akuya har da igiyarta. Da maƙeri ya gaji, sai ya ƙera akwatin ƙarfe, ya kulle shi ciki, ya ɗaure a ƙarƙashin mota. Tun ranar ƙarfe yake gaigaya.

Na ce, "To me ya sa yake ƙara, Iya?"

"Gaisuwa ce, jikalle. In ya ji hannun ɗan'uwansa ci-ma-zaune a kan sandar giya, sai ya kaɗa haƙora don murna."

Muka yi ta birgima. Kawu ya ajiye lomarsa.

Da safe giya na yin gwaf, yaran layi kaf muka ɗauka: "Kawu, amsa gaisuwa!" Bai kai ranar gwaji ba ya ɗaure kayansa.

Sai da na yi furfura, motata ta soma wannan kuka, bakanike ya ce kulocin ne ya gaji: ba ya rabuwa da inji sosai, haƙoran giya na juyawa ake cusa su, dole su yi karo. Ko wa ya tuƙa haka za ta yi. Sai na tuna ai Baba ma tsohuwar motarsa tana yi masa, ba mu taɓa dariya ba.

Na tafi har ƙauye na kai wa Kawu wannan albishir. Ya saurara, ya sa aka yanka mini zakara. Na ce, "Bismilla, Kawu."

Ya ce, "Ci abinka, ɗana. Ni ba na ci a gabanku."