Haruffa Uku a Bayan Mota

A makarantar firamare aka liƙa mini sunan garinmu a bayan sunana, kamar yadda aka yi wa rabin ajinmu. Da na samu aiki a Gusau sai sunan yankan ya ɓace, kowa a ofis Tsafe yake ce mini. Daga baya wani abokin aiki mai son raha ya gutsure shi zuwa haruffa ukun da ake sa wa lambar motocin garinmu, TSF. Wallahi na ji daɗin abin fiye da kima. Har tafiyata ta canza.

Don haka da Allah ya hore mini wata kwarababbiyar mota, sai na rantse ba za ta hau titi ba sai da lambar gida. Aka ce ga ta Gusau a hannu, na ƙi. Wani ya ce zai samo mini ta Bunguɗu, garin kakannina na wajen uwa, na ce ya riƙe abarsa. Motar ta yi ta zama cikin tamfol a Tudun Wada, unguwar da nake zaune a Gusau, kaji na kwana a ƙarƙashinta, mai ita kuwa yana bin acaba cikin ruwan damina.

Gaskiyar magana, Inna nake yi wa. Ni ne ɗanta na fari, kuma tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" nake, ko "wancan". Ba ta yabona, ba ta dubana ido cikin ido, kunyar ɗan fari ta riƙe ta da gaske. Na girma na san al'ada ce, amma abin yana ci mini rai. Na ce bari in kai mata sunan a rubuce, da ƙarfe, ko za ta duba.

Lambar ta fito ana saura kwanaki bikin 'yar ƙanwarta a Bunguɗu. Na wanke mota na nufi Tsafe don in ɗauke ta. Tun daga tasha murnata ta fara komawa ciki. Babur ɗin mai kifi TSF, tifar yashi TSF, har wata a-kori-kura da ke ɗauke da awaki sunana ne a bayanta. Ga hanyar unguwarmu ta caɓe, kafin in isa ƙofar gida laka ta rufe lambar ruf.

Inna ta fito da mayafinta, ta dubi bango ta ce, "Wa ya aje wanga abu a hanya?"

Na ce, "Tawa ce, Inna. Ke na zo ɗauka."

"Ni da mata za mu tafi, mun riga mun kama bas."

Ƙannenta da suka biyo ta waje suka yi ta dariya, suka cika mini mota da kwanuka da tabarmi. Na shiga na zauna ina cika ina batsewa, ni da na zo a matsayin mai gari na koma ɗan dako.

Ina gyara madubi sai na hango ta a baya. Ta waiga dama da hagu, ba kowa. Ta sunkuya, ta kama bakin mayafin bikinta, sabo fil, ta goge lakar nan harafi bayan harafi. Inna ba ta karatun boko. Ta tofa addu'a a kan ƙarfen, ta miƙe ta bi sauran mata.

Na daɗe ban tayar da motar ba.