Ranar da Tele Ta Shiga Gidan Takaba

Jiya da yamma hoto ya ɗauke a telen ɗakin cin abinci na makarantarmu a Damagaram, ya bar wannan ƙara ta shuuu, kamar ana juye gero a kwano. Kowa ya yi tsaki ya jawo wayarsa. Ni kuwa na ajiye cokali na saurara, domin da wannan ƙarar na fara sanin tele, a ƙauyenmu da ke tsakanin Dungas da Dogo-Dogo.

Guda ɗaya ce a garin duka, gwamnati ta kawo, tana hannun direktan lakwal, wato shugaban makarantar boko. Da rana farantin hasken rana ya cika batir, bayan la'asar a fito da ita kan tebur a gindin gawo. Anten ɗinta yana ɗaure a kan dogon gora. In aka juya shi kudu, tashar tsallaken iyaka ce ke shigowa tar, da wasan kwaikwayo da ƙwallo. In aka juya arewa tamu ce, sai dai hoton da yayyafi. Ba sai na gaya maka inda goran ya fi fuskanta ba.

Direkta ya taɓa zana mana tsarin a allo, kuma ban manta ba. Babban gidan telen yana Yamai, da can komai daga can yake fitowa. Daga baya aka buɗe ƙaramin gida a Damagaram, aka yanka masa ɗan lokaci da yamma ya nuna abin da ya shafi yankinmu. Dogon ƙarfen da ke Magarya shi ke karɓar hoton ya miƙo mana. Amma da zarar lokacin labarai ya yi, ko me ake nunawa, dole a mayar da layi Yamai.

Wata shekara lokacin girbi mutanen ƙaramin gidan suka zo su uku cikin farar mota, da kamara guda. Kakana suke nema, don a yankinmu shi aka sani da saƙar rumbu. Sun wuni tare da shi a bayan gida yana lanƙwasa kara yana bayani. Kakata ba ta leƙa ba, fura kawai ta aika musu da ita. Da za su tafi suka ce za a nuna, amma ba su faɗi rana ba. Ba a gama zuba gero a rumbunan ba zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Kakata ta shiga takaba, aka mayar da ni ɗakinta in riƙa kwana da ita. Ta bar tozali da turare, ba ta wuce zaure. Muna cikin haka direkta ya zo ya shaida wa baffana an yi sanarwa, ran Laraba za a nuna shirin rumbu, kuma ƙaramin gidan ba ya maimaita shiri. Kakata ta ji daga ɗaki. Sai da muke tsince wake ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba.

"Ke 'yar lakwal, in mutum ya rasu, cikin abin nan yana motsi?"

Na ce yana yi.

"Har da muryarsa?"

Na ce har da ita. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni ba mai magana ba ce, amma ran nan na tari baffana a zaure na gaya masa kakata tana son ganin shirin.

Baffa ya fara da liman. Liman ya yi ɗan tunani ya ce, "Takaba ta hana ta fita kallo. Ban ga inda ta hana tele shigowa ba." Direkta kuma ya ce kayan na jama'a ne, ba zai kai shi inda jama'a ba za su gani ba. Aka daidaita a kan a kwance zanar gefen gidan, mata su zauna ciki, maza su tsaya daga waje. Saura samari, don ranar akwai ƙwallo a kudu. Wani ya fara ƙunƙuni, baffa ya dube shi ya ce, "Kai, tuwon da ka ci jiya, daga rumbun da wa ya saƙa aka ɗebo geron?" Saurayin nan ne ma ya ɗauko goran a kafaɗa.

A amalanken jaki aka kawo tele da batir. Babu inda za a kafa goran sai jikin rumbun kakana, nan aka ɗaure shi. Wani yana juyawa, ana yi masa ihu, koma kaɗan, a'a ka wuce, har shuuu ɗin ya ragu fuska ta fito. Ba shirinmu ba ne. Wani babban ma'aikaci ne ke jawabin buɗe taro, ya yi ta yi. Direkta yana duban agogo yana duban rana. Kakata tana kan tabarma a bakin ɗakinta, lulluɓe da farin zane.

Can sai ga hannuwan kakana. Su aka fara nunawa, suna murɗa igiya, sannan fuskarsa. Mata suka ɗauki salati, wata gwaggona ta fashe da kuka. Kakata ta matso gaba kaɗan ta ce, "Dubi, rigar da na hana shi sawa ita ya sa." Ya yi bayanin duwatsun da ake girka rumbu a kai, da tokar da ke korar gara. Daga nan mai tambaya ya ce, Baba, duk wannan aiki wa ke taya ka? Kakana ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce, "To, ita dai mai ɗakin nan tawa..."

Sai kiɗan labarai. Wani mai kwat ya fito daga Yamai yana gaishe mu da Faransanci. Wuri ya kaure, baffa har ya kai hannu zai bubbuga akwatin, direkta ya riƙe shi ya ce ba lalacewa ta yi ba, lokaci ne ya cika. Kakata ta naɗe tabarmarta ta ce magariba ta kusa. Bayan salla ta gaya mini tun tana amarya ba ta taɓa jin ya ambace ta a gaban mutane ba.

Bara na yi ƙarfin hali na je gidan telen. Na daɗe a bakin ƙofa kafin in iya yi wa mai gadi bayani. Wani dattijon ma'aikaci ya zaga da ni. Wurin bai kai yadda na zata ba: ɗakin ɗaukar shiri mai kujera biyu, agogon bango, da maɓallin da ake dannawa a koma Yamai. Ya ce har gobe haka ake yi, su ma ba daɗin yankewar suke ji ba. Da na tambayi kaset ɗin, ya girgiza kai. A lokacin kaset ba ya isar su, in an nuna shiri sai a ɗauki wani a kansa.

Yanzu a garinmu gidaje da yawa suna da kwanon tauraro a kan katanga, gindin gawo kuma ya zama wurin cajin waya. Ba mai juya gora. Rumbun ma ya ruɓe an sauke shi.

Na kira wayar baffa na ce a kai wa kakata. Na gaya mata na je, ban samu ba, an goge.

"To madalla," ta ce. "Da kin samo, da abu guda zai faɗa ya yi shiru, wataƙila ma cewa zai yi miyata gishiri ya yi yawa. Yanzu kuwa kullum da abin da yake cewa."