Tsummoki Bakwai a Kan Igiya

Ɗiyata ta fari tana da sati bakwai nonona ya saki. Da cika yake yi har ya jiƙa mini riga, rannan na tashi na ji shi laƙwas. Yarinyar kuma da an cire ta ba ta jimawa sai ta sake nema. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, tana gaban banda tana juya kifi, amma idonta na kaina.

"Wagga ɗiya yunwa ta ka ji," in ji ta. "Nononki ya ƙahe. A miƙa ta ga faccalarki, ita Allah ya hore ma."

Faccalar tawa, matar wan mijina, tana goyon ɗa namiji, kuma gaskiya nono gare ta kamar saniyar Fulani. Ba ta yi mini laifin komai ba, amma sai da na kwana uku ina amsa gaisuwarta a daƙile. Ni da na sha kunun kanwa har ya ginshe ni, a ce in zauna ina kallon ɗiyata a cinyar wata? Na yi kuka a bayan rumbu, ba zan ɓoye ba, don ni ma na fara yarda ba ni da nonon.

Ranar kasuwar Wara na shiga jirgin ruwa na kai ɗiyata asibiti. Malamar awo ta ɗora ta a sikeli, ta duba kati, ta yi dariya. Ta ce nono in ya saba da yaro laushi yake yi, ba ƙafewa ba ce. In shaida nake so, in ƙirga tsummokin da take jiƙawa a rana; in sun kai shida, tana ƙoshi.

Na san Inna ba ruwanta da kati. Sai na ɗaura igiya daga ƙofar ɗakina zuwa turken shanya tarun kamun kifi, daidai inda take zama. Duk tsumman fitsarin da na wanke, nan nake rataye shi, in ƙi kwashewa sai magariba. Ranar farko bakwai. Na ga bakin Inna na motsi tana ƙirgawa. Abin da bai shiga ba ai ba ya fita. Daga nan maganar miƙa yarinya ta mutu.

Bayan wata biyu zazzaɓi ya kayar da faccalata, aka tafi da ita asibiti a Yelwa, aka bar ɗan a gida. Ya ƙi kunu, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Inna ta zaga tsakar gida da shi ya fi a ƙirga, sannan ta zo ta tsaya a kaina.

"Ke," ta ce, tana kallon wani wuri, "ko da saura?"

Na gyara ɗiyata a dama, na miƙa hannun hagu. Kwana huɗu ina shayar da su biyun. Yanzu sun girma, kuma duk garin nan an san babu aure tsakaninsu, don nonona suka sha tare.