Allurar Baƙin Mai a Motar Yaya Sabo

Bebeji

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata, ina dawowa daga masallaci, na tayar da motar Yaya Sabo. Tsohuwar a-kori-kura ce, shekara goma sha tara yana ɗauko masara da ita daga Doguwa, har Allah ya karɓi abinsa wata uku kafin wannan tafiya.

Abin da ya fito da ni shi ne, wani dillali ya zo sayenta, ya tayar da ita, ya bari ta yi zafi, sannan ya dungura mini yatsa a kan agogon baƙin mai da ke gefen sitiyari. Allurar ta sauko kan sha biyar. Ya ce, "Malam, injin nan ya gama yawo, sai dai 'yan gwangwani su farfasa." Dangi suka ce in ba shi amsa ranar Juma'a. Ni kuwa malamin firamare ne, alli na sani. Bayan mai ita, mutum ɗaya ya san cikin motar nan, wato Baba Iro bakanike, wanda ya bar gareji ya koma gona gaba da Doguwa. Na ce ba za a farfasa ta ba sai na ji daga bakinsa.

Da sanyin asuba allurar ta kai sittin. Na kalli kujerar gefe, inda nake zama in Yaya yana tuƙi, na ɗora jakata a kai don kada ta zauna haka nan.

Kiru

Na iso ƙarfe bakwai saura minti goma. A hanya allurar na kan arba'in, amma ina tsayawa gaban mai shayi ta zube zuwa sha takwas. Shayi da burodi naira ɗaya da sule biyar, rabi na iya sha.

Wani bakanike da ke kan bencin mai shayin ya leƙa ta taga ya yi dariya. "Wannan ne ya hana ka cin burodi? Man nan ne ya tsinke. Ɗura mata man giyar mota, mai kauri, ka ga aiki."

"Ba ya ɓarna?"

"Ranka ya daɗe, duk direbobin layin nan haka suke yi."

Ya tsiyaye rabin baƙin man, ya cika da man giya. Allura ta miƙe ta tsaya kan saba'in, ko gezau. Har godiya na yi masa, Allah ya yafe mini wautata.

Tudun Wada

Na bi ta Yako na faɗa babban titi a Kwanar Ɗangora. A shingen da ke wurin ɗan sanda ya juya takardu, ya ce, "Sunan wani ne a nan." Na ce na yayana ne, ya rasu. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya ɗaga katako.

Daga nan kamar mil ashirin ne zuwa Tudun Wada, kuma su suka fi yi mini nauyi. Mutanen hanyar sun san motar. Mai faci, masu rake, wani dattijo a kan keke, kowa sai ya ɗaga hannu tun daga nesa, in na matso ya ga fuskata sai hannun ya sauka a hankali. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Ƙarfe tara da rabi na ci shinkafa da wake na naira biyu a tasha, ban yi magana da kowa ba.

Dajin Falgore

Bazara ce, kwalta har rawa take yi. Babu gida, babu gona, sai birai a gefen titi suna kallona kamar na zo roƙon iri. A tsakiyar dajin na fara jin wani ƙas-ƙas daga saman injin, allura kuwa tana nan a saba'in abinta. Na rasa wanda zan yarda da shi, idona ko kunnena. Na rage gudu zuwa mil ashirin da biyar. Ban ɓoye muku ba, magana na riƙa yi da motar, ina lallashinta da sunan da Yaya ke kiranta, 'Yar Gata.

Doguwa

Ƙarfe ɗaya saura kwata na shiga gari. Wata Bafulatana mai nono ta kwatanta mini ƙauyen da bakaniken yake, mil huɗu a hanyar burji. Na tarar da Baba Iro a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Idonsa ya yi rauni ƙwarai, amma tun kafin in kashe inji ya miƙe yana faɗa.

"Sabo! Me ka ɗura wa 'yar nan take kuka haka?"

Na fito na durƙusa. Wata uku, ashe babu wanda ya kawo masa labari. Na ce, "Baba, ƙaninsa ne, Lawan. Yaya ya riga mu gidan gaskiya."

Ya ajiye ƙotar. Ya yi salati, ya yi masa addu'a, na amsa. Sai ya lalubi bonet ya buɗe, ya zaro sandar awon mai, ya murza a yatsa ya sansana.

"Man giya. Wane ɗan banzan ne?"

Na gaya masa komai, har da dillali. Ya sa na kwanta ƙarƙashin mota da tsohuwar roba, yana faɗa mini ƙusar da zan kwance man ya tsiyaye. Da azahar wani maƙwabcinsa ya hau babur ya sayo sabon mai a gari. Muka zuba, ya sa na zaga da ita har ta yi zafi, ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke.

"Karanta mini. Tana tsaye, nawa?"

"Sha bakwai, Baba."

"Taka totur."

"Arba'in da biyu."

Ya ce, "To, me kake nema? Tsohon inji irin wannan, da sanyi hamsin zuwa sittin. A kan hanya arba'in ko kusa. In ya yi zafi yana tsaye, sha biyar zuwa ashirin, lafiyarsa ke nan. Abin tsoro shi ne ta sauka ƙasa da goma, ko ka taka ta ƙi tashi. Nan ka kashe, ko a tsakiyar daji kake. Mai kauri allura kawai yake yi wa daɗi, ba ya kai wa saman inji da wuri. Da ka ƙara mil hamsin, da dillalinka ya yi gaskiya."

Na ce, "Ke nan ba ta mutu ba?"

"Da hannuna na ɗaure injin nan, Sabo na riƙe mini sifana. Ka canza mata mai a kan kari, za ta kai ka furfura."

A zaurensa na kwana, bayan tuwon masara miyar kuka. Ya ƙi karɓar ko kwabo.

Komawa

Laraba ƙarfe shida na kamo hanya. Allura arba'in, in na tsaya sha bakwai, ban ƙara zare mata ido ba. A Tudun Wada mai facin nan ya sake ɗaga hannu, wannan karon na tsaya na gaya masa, muka yi addu'a a bakin titi.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na shigo Bebeji. Na tarar da Inna, mahaifiyarmu, tsaye a bakin zaure, ita da ba ta leƙo waje ba tun ranar rasuwa. Yaya ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Ta ce, "Tun tana wajen kasuwa na jiyo kukanta. Har na miƙe zan ɗora wa mai ita ruwa."

Na ce, "Inna, lafiyarta ƙalau. Ba za a sayar ba."

Ta dafa ƙofar motar. Sannan ta ce, "Ka riƙa tayar da ita da safe, ko ba inda za ka."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Baba Iro. Wanda ya karanta wannan, ya sa Yaya Sabo a addu'a.